Hoton Talla da Injin Mahaifina

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana aikin lambu a gidan wani Bature. Cikin abin da ya bar mini gado har da wani tsohon injin yankan ciyawa, irin wanda ake tura shi da hannu, tare da takardar tallarsa. Ƙirar Ingila ne, ƙasar da Edwin Budding ya fara ƙago irinsa a 1830.

Na kai shi gyara wurin wani dattijo maƙeri. Da na karɓo, sai na gwada shi da hoton da ke takardar. A hoto mariƙinsa na katako ne, wuƙaƙensa shida; nawa kuwa mariƙin ƙarfe, wuƙaƙe biyar. Na koma a fusace, na ce, "Baba, ka musanya mini kaya!" Na kuwa hana shi cikon ladansa. Bai ce uffan ba, sai ya nuna mini tsohon fenti a kan kusoshin, ko ƙwarzane babu.

Ashe hotunan talla na zamanin can yawanci zanen hannu ne. Sau da yawa akan zana su daga samfurin farko, tun ba a soma ƙira sosai ba. Farantin buga hoto kuma da tsada, saboda haka akan yi shekaru ana buga guda, alhali masu ƙira sun sake fasalin inji.

Na koma na roƙi dattijon gafara. Ya ce ya yafe, amma cikon ladan nan ya ƙi karɓa har ya rasu.