Inda Ruwa Ya Kwanta

Shekara 22 ya yi yana koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kolej ta birnin Maraɗi, kuma babu shekarar da bai zana teku a allo ba. Yakan ɗauki shuɗin alli ya cika gefen taswirar Afirka, ya gaya wa yara cewa teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma kowace lita ta ruwansa tana ɗauke da wajen giram 35 na gishiri. Yara su rubuta, su hardace, su maido masa ranar jarrabawa. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: «Mushe, kai ka taɓa ganinsa?» Ya ce mata ta zauna, ba lokacin tambaya ba ne. Amma tambayar ta bi shi har gida, ta bi shi har fadar shayi inda suke taruwa bayan sallar isha'i.

Su huɗu ne a fadar: shi, da malamin lissafi, da wani saurayi malamin wasanni wanda ya girma a bakin tabkin Madarunfa, sai babbansu, shugaban wata makarantar firamare, wanda kowa ke kira Darakta. Da ya ba su labari sai suka yi dariya, daga baya kuma dariyar ta mutu, don su ma babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa faɗi. A daren nan suka ƙulla adashe: kowa zai riƙa zuba jikka 15 a wata har wata 10, malamin lissafi ne ma'aji. Matansu ba su yi na'am ba. Suka tuna musu cewa layya tana zuwa cikin Satumba, ga kuma komawar yara makaranta. Aka ce musu tafiya mabuɗin ilimi ce, aka rufe zancen. Cikin watan Agusta na shekara ta 2016 suka ɗauki hanyar Kotonu da jikka 600.

Tafiyar wajen kilomita 1400 ce: Ƙonni, Dogondutsi, Doso, Gaya, sa'annan a ƙetare gada a faɗa Malanbil cikin ƙasar Benin. A bisa gadar malamin tarihi ya shiga bayanin tsibirin Lete, wanda kotun duniya ta tabbatar wa Nijar a shekara ta 2005, har Darakta ya ce masa: «Malam, muna hutu.» Tsakanin Kandi da Paraku kar ɗinsu ta mutu cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, suka yi awa 9 a gefen hanya. Da aka aiko wata motar aka sauke kaya aka sake labtawa cikin duhu. Sai a Kotonu Darakta ya buɗe jakarsa ya tarar da kanwa da kuka da busasshiyar kuɓewa: an yi musaya da ta wata ƴar kasuwa da ta sauka a hanya. Haka ya ƙare hutunsa da babbar rigar shadda ɗaya da ke jikinsa, yana wanke ta da dare, iskar teku kuma ta ƙi barin ta bushe.

Masaukin da wani ɗan'uwan ma'aji ya kama musu ta waya, wanda aka ce tagoginsa suna kallon teku, suka iske an ba wasu, don sun makara da kwana ɗaya. Ƴan kabu-kabu masu rawayar riga suka yi ta yawo da su har dare ya raba. A ƙarshe wani daga cikinsu ya ji suna Hausa, ya kai su unguwar Zango, ƙofar wani Alhaji mutumin Galmi mai fataucin albasa. Bai tambaye su takarda ba, bai tambaye su kuɗi ba. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarmi a zaure, aka kawo tuwo. Malamin tarihi ya kwanta yana tunanin cewa irin wannan karɓa ita fatake suka riƙa samu wajen masu masauki tun zamanin da ake ratsa Borgu zuwa Gwanja sayen goro, kuma shi da bakinsa ya sha koya wa yara haka a matsayin abin da ya wuce.

Kashegari suka shiga motar Garan-Popo, wajen kilomita 80 yamma da Kotonu, kusa da iyakar Togo, inda kogin Mono yake gangarowa teku. Suka biya kwana uku a wani ƙaramin masauki, suka ajiye kaya, suka ratsa cikin itatuwan kwakwa. Ƙara suka fara ji tun daga nesa, wata irin ruri mai kama da tsawar da ba ta ƙarewa. Da suka hau tudun rairayi sai ga shi a gabansu. Malamin tarihi ya tsaya cik. Abin da ya fara lura da shi shi ne ruwan ba shuɗi ba ne, toka-toka ne mai ratsin kore, kuma ba ya zama wuri ɗaya kamar na allo. Ya duƙa ya kamfata ya kai baki, ya tofar, ya ce: «Ashe gaskiya nake gaya musu.» Darakta ya naɗe hannayen rigarsa ya yi tasbihi. Gani ya kori ji.

Can gefe masunta sun yi layi biyu suna jan taru daga teku, ana musu kiɗa suna amsawa. Wani tsoho da ke ɗinkin koma a gindin kwale-kwale ya ga malamin wasanni yana tuɓe riga, ya kira shi da Faransanci ya ce: «Ɗana, wannan ruwa ba na wanka ba ne a wannan wata. Ka tsaya iyakar gwiwa.» Saurayin ya gode masa, ya juyo yana murmushi ya ce wa abokansa shi tun yana shekara 7 yake ƙetare Madarunfa. Malamin tarihi bai hana shi ba. Abin da ya yi ma ya fi haka muni. Ya dubi gaɓar da idon mai ilimi, ya ga ko'ina raƙuman ruwa suna fashewa da farin kumfa, in ban da wani ɗan tsakani da ruwan ya yi duhu ya kwanta lif. Ya nuna wurin da yatsa ya ce: «Ƙanena, in dai sai ka shiga, shiga can inda ruwa ya kwanta.»

Wannan wuri shi ne mafi haɗari a gaɓar duka. Raƙuman ruwa suna tara ruwa a bakin gaɓa, ruwan kuma dole ya koma. Idan akwai tudun rairayi a ƙarƙashi, sai ya nemi gurbin da tudun ya tsage, ya bi ta nan a matse ya nufi tsakiyar teku, kamar yadda ruwan sama yake samun kwazazzabo. Gudunsa yakan kai mita 2 cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Saboda gurbin ya fi zurfi, raƙuman ba sa fashewa a kansa, shi ya sa baƙo yake ganin nan ne lafiya. Mafita kuwa ita ce kada mutum ya yi kokawa da shi: ya yi iyo gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikin zirin, ko ya sake jiki ya yi ta ɗaga hannu. Malamin tarihi ya san wannan. Yana cikin wani littafi da ke kan teburinsa a Maraɗi, har ya ja masa layi da jan biro. Sai dai bai taɓa ganin kamanninsa ba.

Kafin a ƙirga 30 kan saurayin ya koma ɗan ɗigo. Ana hangen hannayensa suna dukan ruwa, yana nufin gaɓa, gaɓa tana ƙara nisa. Ma'aji, wanda bai iya iyo ba ko kaɗan, ya ruga cikin ruwan da tufafinsa yana kiran sunansa. Raƙumi ɗaya ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya ja shi, na biyu ya tofo shi bisa rairayi. Darakta ya tsaya yana salati da ƙarfi. Malamin tarihi kuwa ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Tsohon nan ne ya yi wata kuwwa da harshensu, samari biyu suka saki taru, ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu. Ba su bi bayan mai nutsewa kai tsaye ba, sai suka faɗa cikin zirin nan da kansu suka bar shi ya kai su, suka kamo shi, suka ja shi gefe, mutanen gaɓa suka jawo igiya. Aka kwantar da shi a kan haƙarƙari yana aman ruwan gishiri. Da ya buɗe ido, tsohon ya dube su su huɗu ya tambaya: «Aikin me kuke yi a ƙasarku?» Darakta ya ce koyarwa. Tsohon ya kaɗa kai ya koma ga komarsa.

Sai da hankali ya kwanta ma'aji ya shafa ƙirjinsa. Tun daga Maraɗi kuɗin adashe suna cikin wata ƴar jakar fata da ya rataya a wuya, don bai yarda da kowane ɗaki ba. Igiyar ta tsinke. Jikka 340 da suka rage sun tafi, har da littafin da yake rubuta kowace dala da aka kashe. Aka zazzage aljihuna aka haɗa jikka 19.

Daren nan ya fi yinin wuya. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. Darakta ya ce ai tun farko ya ba da shawara a raba kuɗin huɗu. Ma'aji ya ce da ya san haka za a saka masa, da ya tsaya ya riƙe jaka ya bar mutum ya nutse. Aka tono bashin da aka manta, da maganar da wani ya faɗa shekara 5 da suka wuce. Ana iya buga waya a aiko musu da kuɗi cikin awa ɗaya, amma kowa ya tuna fuskar matarsa da zancen ragon layya, babu wanda ya taɓa wayarsa. Saurayin yana kwance ya juya wa kowa baya. Malamin tarihi bai ce uffan ba, yana jiran wani ya tuna wanda ya nuna wurin da yatsa. Babu wanda ya tuna, ko kuwa sun tuna sun rufa masa asiri, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Kwana biyun da suka rage suka yi su kamar baƙin juna. A hanyar komawa, da yake motar tana ratsa Wida, ya roƙe su su sauka. Suka taka wajen kilomita 4 daga cikin gari zuwa gaɓa, hanyar da aka riƙa kora bayi a kanta, har suka iske babbar ƙofar nan da aka gina a shekara ta 1995, wadda ake kira Ƙofar Tafiya Ba Dawowa. Wannan karon ba wanda ya ce masa muna hutu. Ya gaya musu a hankali cewa a farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, an gangaro da Hausawa da yawa zuwa tashoshin wannan gaɓa aka sayar, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka ƙulla tawaye a shekara ta 1807, suka kuma tashi a 1814. Ya ce waɗannan mutane ƴan tudu ne kamarsu, sun san gulbi da tabki da rijiya, kuma ranar da suka fara ganin teku ita ce ranar da suka yi ban kwana da ƙasa. Suka tsaya ƙarƙashin ƙofar suna kallon ruwan.

A nan ya juya wajen saurayin ya ce: «Ƙanena, ni na tura ka. Na san abin a takarda, ban gane shi a ruwa ba. Ka gafarta mini.» Saurayin ya ce: «Haba Yaya, tsoho ya hana ni, ni na ƙi ji.» Darakta ya kama hannun ma'aji ya ce: «Malam, kai kaɗai ka shiga ruwa cikinmu, kuma ba ka iya ba. Kuɗi sun tafi sadaka.» Ma'aji ya share ido da gefen hula ya ce shi littafin ne ma ya fi damunsa, sai dariya ta ƙwace musu, ta farko cikin kwana uku.

A Zango, Alhaji ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce: «Malamai, baƙo makaho ne ko da yana da ido.» Ya ƙirgo kuɗin mota da na guzuri ya miƙa wa Darakta, ya ce in an yi albashi a kai wa ƙanensa a babbar kasuwar Maraɗi. Ma'aji ya nemi takarda ya rubuta shaida, Alhaji ya ce ba ya karɓa. Aka biya bashin ƙarshen watan Satumba. Layyar shekarar kuwa, biyu daga cikinsu da bunsuru suka yi ta.

Da aka koma makaranta cikin Oktoba, malamin tarihi ya shiga aji da wata kwalba da ya ciko a Wida. Ya sa kowane yaro ya ɗiga a harshe, aji ya kaure da tofe-tofe da ihu. Sa'annan ya zana gaɓa a allo da farin alli, raƙuma suna fashewa dama da hagu, ya bar wani ɗan tsakani lif, ya tambaye su inda za su shiga in su ne. Kusan duka suka nuna tsakanin. Ya ce: «Ni ma nan na nuna», ya ba su labarin bai ɓoye kome ba, har da tambayar tsohon masunci. Tun daga lokacin, in yaro ya tambaye shi ko ya taɓa ganin dusar ƙanƙara ko dutse mai aman wuta, yakan ce a'a, karantawa ya yi, kuma ya nuna musu inda karatun ya tsaya.

Sun yi alkawarin komawa su kai wa tsohon nan goro da kilishi, don a ruɗewar ranar ko sunansa ba su tambaya ba. Shekara ta bi shekara, Darakta ya yi ritaya, aka mayar da saurayin Tasawa, a 2023 kuma aka rufe gadar Gaya. Kwalbar tana nan cikin kabad ɗin aji. Ruwan ya ƙafe tuntuni, sai farin gishiri da ya daskare a gindinta, kuma shi yake nuna wa ƴan sabuwar shekara.