Rahoton 1948 yana intanet, na 2021 fa?

Kwanan nan na duƙufa karanta tarihin jiragen gwaji na sojan Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan Dutse, da wayata da ɗan data, na bi diddigin haɗarin 5 ga Yuni 1948, ranar da jirgin YB-49, wanda kusan fiffike ne zalla, ya wargaje a sama a Kalifoniya. Mutum biyar suka mutu, har da Kyaftin Glen Edwards. Sansanin Muroc ma sunansa aka mayar masa. An rubuta yadda gefunan fikafikan suka ɓalle, har gardamar da masana ke yi kan musabbabin tana nan a buɗe, kowa ya karanta.

To jama'a, mu dawo gida. Ran 21 ga Mayu 2021 jirgin sojan sama ya faɗi a Kaduna da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum goma, Allah Ya jiƙansu. Wannan ba jirgin gwaji ba ne ma, King Air ne da duniya ta san halinsa. Hukumar binciken haɗurra ta miƙa wa rundunar rahoton wucin gadi a Satumban shekarar. Cikakken bayani kuwa, shiru kake ji.

Na yarda akwai sirrin soja. Amma wane sirri ne a cikin injin da ya tsaya ko hadarin da ya rufe hanya? Matuƙan da za su hau irin jirgin gobe, da iyalan mamatan, su ma maƙiya ne da za a ɓoye musu?