Alƙalan da ba su da kotu

Akwai wata sana'a da kowa ya iya a ƙasar nan ba tare da ya shiga lakol ba: alƙalanci. A fada wajen shayi, a rumfar kasuwa, a ƙofar biro, shari'a ake yankewa kullum, wanda ake tuhuma kuwa ba ya nan.

Na daɗe ina tunanin abin da ya shiga tsakanin ƴan kasuwa da ma'aikata a 1994. A watan Janairu na wannan shekara aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake daidai da sefa 50 ya koma 100. Kafin a ce kwabo, kuɗin magani da madara da duk abin da ke zuwa daga Turai ya tashi. Ma'aikaci ya dubi Alhaji ya ce azzalumi ne, tun da kayan da ke cikin kantinsa da tsohon kuɗi ya saro su. Maganar kamar gaskiya. Amma wanda ya taɓa riƙe jari ya san cewa idan Alhaji ya sayar da katon ɗari a kan tsohon farashi, kuɗin hamsin kaɗai za su sayo masa in ya koma sari. Ko shakka babu wasu sun ɓoye kaya don haɗama. Da yawa kuwa jarinsu suke karewa kada ya narke a hannunsu.

Shi ma Alhajin bai yi wa ma'aikaci adalci ba. Ya ga mushe ya bar aji ya tafi gona, ya ga ƙungiyar USTN ta kira yajin aiki, sai ya ce ragwaye ne masu cin kuɗin gwamnati a banza. Ya manta a shekarun nan albashi kan yi watanni bai fito ba, kuma littafin bashin da ke cikin kantinsa cike yake da sunayen waɗannan ragwayen.

Me ya kawo haka? A ganina, mutum yana kallon aikin wani daga waje, nasa kuwa daga ciki. In na makara, na san yaro ne ya kwana da zazzaɓi. In wani ya makara, halinsa ne. Hausawa sun gama magana da suka ce laifi tudu ne. Ban da wannan, yanke hukunci ba ya cin ko dala, yana kuma haɗa zumunci: mutum biyar da ba su jituwa sai su zama ƴan uwa muddin akwai na shida da za a ci namansa. Ga kuma daɗin da rai ke ji in ya sami wanda ya fi shi lalacewa.

Kada a ɗauka ina cewa a rufe ido. Ma'aikacin duwan da ya karɓi cin hanci a hanyar Ɗan Isa ya yi laifi, ɗan kasuwar da ya rage mudu ya yi laifi, kuma faɗin haka wajibi ne. Abin da nake ƙi shi ne tsalle daga "ya yi kaza" zuwa "shi ɗin kaza ne", sannan daga shi zuwa duk masu sana'arsa ko ƴan garinsu. Na farko shaida ce, ana iya bincikenta. Na biyu tambari ne, yakan bi mutum har ƴaƴansa.

Dabarar da nake bi ƙarama ce. In labarin wani ya iso gare ni, nakan tambayi mai kawo shi: da idonka ka gani? In ɗan kasuwa ne ake zagi, sai na nemi sanin nawa ya saro. In ma'aikaci ne, yaushe rabonsa da albashi. Sau da yawa mai labarin ba ya da amsa, sai hira ta koma kan farashin hatsi.