Hoton Toronto da lissafin da ban rubuta a ƙarƙashinsa ba

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo.

Shekaranjiya ɗan yayata ya turo mini wani tsohon hotona da ya tono a nan Facebook. Ina tsaye cikin taro a Toronto, da jar hula a kaina, ina dariya har kunne. Ya rubuta a ƙasa: "Kawu, ni ma nan nake so." Da muka yi waya sai na gane ba wasa yake ba. Wani ejan ya gaya masa in dai an samu kuɗin zangon farko da na jirgi, sauran aiki zai biya. Har ya fara lallaɓa mahaifiyarsa ta sayar da filin da ta gada.

Tun ranar hoton nan yake damuna, domin ni na saka shi, kuma ban taɓa faɗin abin da ke bayansa ba.

Na tafi Kanada a 2018 yin digiri na biyu, da hutun karatu daga wurin aiki. Na bar iyali a gida. A ofis ina da teburina, har da mai kawo mini fayil. Wata biyu da sauka na tsinci kaina a bayan wani gidan abinci ina kankare tukwane. Dokar lokacin ta ce ɗalibin waje ba zai wuce awa 20 a mako yana aiki a wajen makaranta ba, sai a lokacin hutu. Mafi ƙarancin lada a jihar Ontario dala 14 ne a awa. Ku buga da kanku: dala 280 a mako, kafin a cire abin da za a cire. Ɗakin da nake haya a ƙarƙashin ƙasa, mai taga ɗaya da ba na ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, yana cinye fiye da rabi. Sai kuɗin mota, sai abinci, sai waya. Abin da nake turawa gida, wallahi wani watan kunyar faɗinsa nake ji. Kuɗin makaranta kuwa ko kusa aikin bai taɓa shi ba. Tallafin da na samu da motata da na sayar su suka biya.

Maiɗakina kaɗai ta san wanke-wanke nake yi. Kowa in ya tambaya sai in ce "ina ɗan taɓa aiki a wani kamfani".

To a kicin ɗin nan na koyi ƙwallon kwando. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun ina yaro. Na yi shekara huɗu a Samaru ina wuce masu buga kwando da yamma, ban taɓa tsayawa na minti biyar ba. Amma akwai talabijin a saman kantar gidan abincin, kuma in ka tsaya daidai bakin ƙofar kicin kana hango rabinta. Babban kukunmu, wani dattijo ɗan Habasha da ya fi shekara ashirin a garin, shi ya fara tambayata daga ina nake. Na ce arewacin Najeriya. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Ka san Zariya?" Na ce a can na yi karatu. Sai ya nuna talabijin ya ce, "To mai ƙungiyar nan ɗan garinku ne."

Masai Ujiri yake nufi, shugaban Toronto Raptors a lokacin. A Ingila aka haife shi amma a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando. Ni da na zauna a garin ban san shi ba, sai ɗan Habasha ne ya gabatar mini da shi a gaban kwandon albasa. Kuma taken ƙungiyar, We The North, in ka juya shi da Hausa "Mu ne Arewa" ke nan. Na ce to ai magana ta ƙare, wannan ƙungiyarmu ce.

Shekarar da na sauka garin yana cikin fushi da mutumin. Ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da mutanen Toronto ke ƙauna kamar ɗansu, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, wanda rauni ya hana shi buga kusan duk kakar da ta wuce, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Caca ce tsagwaronta. Dattijon nan kullum sai ya zage shi, kullum kuma sai ya kalli wasan. A hankali na gane dokokin, na san Kyle Lowry, na san Pascal Siakam ɗan Kamaru da Serge Ibaka ɗan Kwango. Abin da ban zata ba shi ne yadda wasan ya buɗe mini bakin mutane. Wata shida ina shiga mota ba wanda ya ce mini ci kanka. Ranar da na fara sa hular ƙungiyar, direba da kansa ya tambaye ni yadda na ga wasan jiya. Wanda bai zauna inda ba a gaisuwa ba ba zai gane girman wannan ba.

Daren da ba zan manta ba shi ne 12 ga Mayu 2019, wasa na bakwai da Philadelphia, wanda duk aka ci ya tafi gida. Azumi ne, kuma azumin Toronto a watan Mayu ya kai awa 16. Sai wajen takwas da rabi na dare ake shan ruwa. Na sha ruwa a tsaye a gaban injin wanke-wanke da dabino uku, hannuna duk kumfa. Gidan ya cika, kwanuka na shigowa kamar ana zubo su. Can sai na ji wurin ya yi tsit. Na leƙa. Maki 90 da 90, saura daƙiƙa 4 da ɗoriya. Kawhi ya karɓi ƙwallo ya gudu kusurwa, Joel Embiid da tsayinsa duka ya taso masa, ya cilla. Ƙwallon ta bugi bakin kwando ta yi sama. Ta sake bugawa. Sau huɗu tana tsalle a kan ƙarfen nan, kowa baki buɗe, sannan ta faɗa ciki.

Ban san lokacin da na fito tsakiyar masu cin abinci da rigar aiki a jiƙe ba. Wani Bature da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana ihu. Dattijo yana ta buga ludayi a tukunya. Minti biyar bayan haka mai gidan ya tafa hannu ya ce kowa ya koma bakin aikinsa.

Mutum ɗaya ne bai fito ba, wani yaro ɗan Indiya da muke wanke-wanke tare, bai fi shekara 20 ba. Iyayensa sun jinginar da gona suka turo shi, da irin lissafin da ejan ya yi wa ɗan yayata. Awa 20 ba ta isarsa, don haka sauran awannin a ɓoye yake yi, kuɗi hannu, ƙasa da ladan da doka ta sa. Mai gidan ya san ba shi da bakin kai ƙara, domin in ya kai, kansa ya tona. Ya riƙe masa kuɗin mako uku yana ce masa gobe, jibi. Yaron yana barci a aji, ya faɗi darasi biyu. Ni ma an yi mini tayin irin wannan aikin, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na kwana biyu ina juya abin a raina. Tsoro ne ya hana ni, ba wani tsoron Allah na musamman ba: na tuna in aka kore ni, da wane ido zan kalli ofis da 'ya'yana. Ba tsoron banza ba ne kuwa. A watan Yunin shekarar aka mayar da wani ɗalibi ɗan Indiya gida saboda ya wuce awannin da aka yarda yana tuƙin babbar mota, labarin ya cika jaridun ƙasar.

Ranar 13 ga Yuni Raptors suka doke Golden State 114 da 110 a Oakland suka ɗauki kofin NBA, karo na farko a tarihinsu. Na kira gida wajen sha biyun dare, lokacin ana shirin sallar asuba a nan, ina ihu wai mun ci kofi. Maiɗakina ta ce, "Wane kofi? An ce a kawo kuɗin makarantar yara ranar Litinin."

Ranar Litinin ɗin, 17 ga wata, aka yi zagayen kofi, ranar da na ɗauki hoton. Tun safe na fita. Mutane sun yi yawan da motocin 'yan wasan suka kasa tafiya, aka yi awanni ana jira a rana. Ni kuma ƙarfe biyu zan karɓi aiki. Na ba wani wayata ya ɗauke ni, na kutsa na fita na nemi jirgi. Ban ga kofin ba, ban ga Ujiri ba. Filin wasan kansa, Scotiabank Arena, ban taɓa shiga ba har na baro ƙasar, domin tikiti ɗaya ladan kwanaki ne. Da daddare na saka hoton na rubuta "Alhamdulillah". Kuka yi ta yi mini barka.

Yanzu ga yadda abin yake a yau, ga masu shirin tafiya. A ƙarshen 2022 Kanada ta ɗage iyakar awannin na ɗan lokaci, labarin da ejan-ejan suka riƙe ke nan har gobe. Wannan sassaucin ya ƙare a Afrilun 2024, kuma tun Nuwamban 2024 iyakar awa 24 ce a mako. A Janairun 2024 gwamnatinsu ta rage yawan takardun izinin karatu da take bayarwa, ta kuma ɗaga kuɗin zaman da dole ɗalibi ya nuna yana da su daga dala 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Daga baya ma an sake ƙarawa. Ladan awa a Ontario ya ɗan haura dala 17. Buga 24 sau 17 sau mako 52, za ka samu dala dubu 21 da 'yan kai. Wato ko ka samu aikin ranar da ka sauka, ba ka yi ciwo ba, ba ka huta ba, abin da za ka tara shi ne daidai abin da su da kansu suka ce za ka ci ka kwana da shi. Aikin hutu zai ɗan ƙara wani abu, amma ba zai biya kuɗin makarantar ɗalibin waje ba. Sannan dalar Kanada da na saya ƙasa da naira 300 ta haura naira 1,000 a 2024.

Ba na cewa kada kowa ya je. Na ƙaru da karatun, kuma har yau ina tashi ƙarfe ɗayan dare in kalli Raptors, duk da Kawhi ya tafi bayan wata guda da cin kofin, Ujiri ma sun rabu da ƙungiyar a 2025. Wanda ya samu cikakken tallafi, ko gidansu na da abin da za a biya ba tare da an taɓa gado ba, Allah ya kai shi lafiya.

Jiya na kira yayata na ce kada ta sa hannu a takardar filin nan sai na zo. Shi kuma yaron na tura masa wannan lissafin da wani hoton daban, wanda ɗan Indiyan nan ya ɗauke ni a gaban tukwane, da safar roba har gwiwar hannu. Ya buɗe saƙon tun ƙarfe tara na dare. Har yanzu bai ba ni amsa ba.