Daga Baturiya Zuwa Bakin Dogo

Baturiya tana cikin Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, a fadamar kogin Haɗeja. In damina ta yi nisa, ruwa yakan malale ƙasar, sa'an nan da ya janye sai ya bar kifi a tafkuna, da danshi domin shinkafa da tattasai. Da sanyin hunturu kuwa tsuntsaye sukan taso tun daga Turai su sauka nan, har a 2008 aka sa dausayin cikin jerin waɗanda duniya ta amince a kiyaye. Amma mutumin da ke zaune cikin wannan albarka, in ya tashi kai kifinsa Kano, ko ɗansa makaranta, ko majinyaci asibiti, kuɗin mota ne abu na fari da ke tsaya masa a rai.

Mu da muke koyar da yara mun lura da yawansu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, alhali kuwa dogo ya ratsa ƙasarsu tun zamanin kakanninsu. Dogo ya iso Kano daga kudu a 1911. Daga baya aka ja reshe wajen arewa maso gabas, ya kai Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Ya bi ta Ringim, da Taura, da Gagarawa, da Malam Madori, da Birniwa. Bai shiga garin Haɗeja ba, don haka Malam Madori ta zama ƙofar ƙasar, kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa rumbuna a can, ƙauye ya zama gari. Gyaɗa da fatu da ƙaro da bandar kifi duk ta nan suka riƙa fita.

Jirgin nan ba mai sauri ba ne. Talaka yakan sayi tikitin ƙaramin aji, ya zauna bisa benci da guzurinsa, kowace tasha kuma 'yan talla su zo bakin taga da fura da dafaffen ƙwai. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda zai wuce Ikko sai ya sake jirgi a Kano, ya kama tafiyar fiye da kilomita 1,100, mai hali ya kama ɗaki mai gado, mara hali ya yi barcinsa a zaune. Daga shekarun 1980 harkar Reluwe ta yi rauni, jirage suka ragu, kaya da mutane suka koma kan titi. A ƙarshen 2012 aka sake buɗe zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano bayan gyara, tafiyar kuwa takan ci sa'a 30 ko fiye.

Bari mu duba yadda abin yake a ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu na Kano suke zuwa sarin kaya a biranen Gwanju da Yiwu. A 2008 suka buɗe layin jirgi mai gudun kilomita 350 a sa'a tsakanin Bejin da Tiyanjin. A 2011 aka buɗe na Bejin zuwa Shanghai, kilomita 1,318, wanda jirgi mafi sauri ke gamawa cikin sa'a huɗu da rabi. Na Bejin zuwa Gwanju, kilomita 2,298, an gama shi a 2012, tafiyar kamar sa'a 8. Kafin ƙarshen 2021 tsawon irin waɗannan layuka ya kai kilomita 40,000.

Abin lura shi ne, duk da haka ba su kashe tsofaffin jirage ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana da zaɓi uku. Akwai kujera, ita ce mafi araha. Akwai tarago mai gadaje shida a kowane lungu, uku bisa uku, ba ƙofa, na can sama shi ne mafi sauƙin kuɗi gama da ƙyar mutum ke iya zama a kansa. Akwai kuma ɗaki mai gado huɗu da ƙofa. A ƙarshen tarago akwai ruwan zafi kyauta, don haka matafiyi yakan taho da ganyen shayi da busasshiyar taliya. Wanda ya shiga da magariba ya sauka da safe ya tsira da kuɗin masauki na dare guda, bai kuwa yi asarar yinin ciniki ba. Watau mai gaggawa ya biya da kuɗi, mai haƙuri ya biya da lokaci, kowa ya isa.

A nan gida ma an fara sabon dogo mai faɗi. A 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya gina. Harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022 ya tsai da shi watanni, ya kuma nuna mana dogo ba ya amfani sai da tsaro. A 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina, mai reshe zuwa Dutse.

Muna murna da wannan duka. Sai dai babu ɗaya cikinsu da ya nufo fadamarmu. Mai kifi a Baturiya ba ya bukatar gudun kilomita 350. Bukatarsa jirgi ne wanda ranarsa da sa'arsa sanannu ne, mai taragon kaya, wanda kuɗinsa bai cinye ribar ba, musamman a shekarar ambaliya irin 2022 da ruwa ya yanke hanyoyin mota a Jigawa.

Saboda haka, iyaye, mu tsare abin da ke hannunmu. Kada mu gina rumfa ko mu yi shuka a kan dogo, mu kuma kwaɓi masu kwance ƙarafansa su sayar. In wakilanmu sun zo neman ƙuri'a, mu tambaye su zancen layin Nguru. In hutu ya zo kuwa, mu kai yara tashar Malam Madori su ga hanyar da gyaɗar kakanninsu ta bi har bakin teku. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kada tsada ta kulle ta ga ɗan talaka.