Wuyan Kawu

A zangon Salaga, inda na tashi, babu wanda bai san ƙanen mahaifiyata ba. Shawara ce ta kama shi a makon farko na haihuwa, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya girma wuyansa yana murɗewa, hannuwansa suna motsi ba da izininsa ba. Hankali kuwa garau. Ya sauke Alƙur'ani, kuma shi ke riƙe da lissafin goro a rumfar kakanmu, sana'ar da tun asali ta kawo Hausawa garin.

Yana dab da shekara 40 abubuwa suka canja. Kofi ya fara suɓuce masa, ƙafa ta yi nauyi, daga baya fitsari ya riƙa ƙwacewa. Kowa ya ce, "Ai ciwonsa ne na da, girma ya zo." Aka yi rubutu, aka yi ƙaho, aka kai shi wurin wani mai ɗori a Yendi, wanda ya murza wuyan iya ƙarfinsa. Har yau idan na tuna wannan murza sai jikina ya yi sanyi.

Wata ƙanwar mahaifina da ke aikin jinya a Bawku ce ta ƙi yarda. Ta ce wa mahaifiyata, "Yaya, taɓin da ƙwaƙwalwa ta samu tun yana jariri ba ya ƙaruwa. In kin ga sabon rauni, to sabon ciwo ne." Gaskiyarta. Ƙasusuwan wuya 7 ne, laka ta ratsa ta cikinsu. Mai irin larurar Kawu yana wuni yana fizgar wuya, shekara da shekaru, sai faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya zaizaye tun kafin tsufa, ƙashi ya yi tsiro, hanyar laka ta matse. Hoton ƙashi da aka saba ba ya nuna laka, sai na MRI, shi ma sai da aka yi wa Kawu allurar barci don kan ya tsaya. Muka kai shi Tamale, daga can aka tura mu Accra.

Likitoci suka buɗe wa lakar hanya, suka ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe da kusoshi. Sun gaya mana tun farko cewa aikin tsayar da ɓarna zai yi, ba lallai ya dawo da abin da ya tafi ba, kuma wuyan da ba ya zama wuri ɗaya yana iya sassauta kusoshin. Shi ya sa ya yi watanni da takunkumi mai tauri a wuya, cikin zafin bazara.

Sauran aikin a tsakar gida aka yi shi. Juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, miƙe masa yatsu safe da yamma kamar yadda mai gashin ƙashi ya koya mana, da sanduna biyu na gora da aka kafa gefen rijiya yana dafawa. Ghana ta kafa inshorar lafiya a 2003, ta yi dokar naƙasassu a 2006, amma kuɗin mota da na jinya zumunci ne ya biya, har ’yan uwa na Kumasi suka yi karo-karo.

Cokali ya dawo hannunsa, fitsari ya daidaita. Tafiya sai da sandar dogarawa mai ƙafa huɗu. Rumfa bai koma ba, a zaure aka riƙa kai masa littafin lissafi.