Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya

Muna so mu ba ku labarin abin da ya same mu a gidanmu na New Bell a daminar 2023, ko wani ya amfana.

Muna da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya. A cikinta muke rubuta basussukan shagon atamfarmu, da lissafin adashen matan unguwa da aka damƙa wa uwargida. A cikinta kuma akwai muryar marigayiya kakarmu, tana ba da labarin yadda iyayenta suka taso daga Kano da fatauci, suka yada zango a Ngaundare, har suka iso bakin kogin Wuri.

Da na'urar ta fara nauyi, sai babban ɗanmu ya kai ta wurin wani mai gyara a Akwa. Da magariba ta dawo tana gudu kamar sabuwa, amma wayam. Mai gyaran ya share faifanta kaf, ya ɗora sabon Windows, bai tambayi kowa ba. Uwargida ta yi tagumi, ta ce, “Malam, me zan faɗa wa mata ranar zubi?”

Nan muka tuna da wani ƙaramin faifan ajiya. Kasuwar Kongo ta sha gobara a 2012 da kuma 2019, mun kuwa ga 'yan kasuwar da wuta ta cinye musu kaya har da littafin bashi. Tun daga lokacin muka riƙa kwafe abin da ke cikin kwamfutar a faifan, muna kai shi ajiya gidan gwaggonmu.

Washegari muka keta ruwan sama muka ɗauko shi, a naɗe cikin leda a ƙasan akwati. Muka jona shi, muka mayar da kundayen ɗaya bayan ɗaya, muna buɗe kowanne don mu tabbatar yana nan lafiya. Da muryar kakarmu ta cika ɗakin, babu wanda ya iya magana.

Sai dai murnar ba ta cika ba. Kwafin ƙarshe tun kafin azumi aka yi shi, cikin watan Maris, ga shi muna cikin Yuli. Faifan ajiya ba ya mayar wa mutum sai abin da ya ba shi, zuwa ranar da ya ba shi. Mun nemi a tono sauran daga cikin kwamfutar, aka bayyana mana cewa share faifai ba kullum yake kashe bayani nan take ba, amma duk abin da sabon rubutu ya hau kansa ya tafi ke nan. Saboda haka wanda irin wannan ta same shi, ya kashe na'urar, kada ya ƙara ɗora mata komai.

Lissafin wata huɗu, da ƙafa muka nemo shi. Uwargida ta bi gida-gida, kowace mace ta faɗi abin da ta zuba. Daga cikin masu bashin shago wasu suka kawo kansu, biyu suka ce ba su tuna ba, muka bar su da Allah.

Yanzu muna bin ƙa'idar da mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gida. Kowace Juma'a bayan la'asar muke sabunta namu. Lissafin adashe kuwa, muna buga shi a takarda duk wata, domin dukiyar mutane ce, ba tamu ba.

Ya 'yan'uwa, kafin ku miƙa na'urarku ga mai gyara, ku tambayi kanku yaushe rabonku da kwafe abin da ke cikinta. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.